Bugun Tukunyar Gas

A lungunmu na unguwar Hindawiyya a Makka akwai abin da yaro ke koya tun kafin ya iya alwala. In aka ce masu kamen marasa takarda sun shigo, ba a tsayawa tambaya. Kowa ya kama gabansa, kada mutum biyu su bi hanya ɗaya. In ka samu maɓoya ka yi tsit, ko wa ya kira ka kada ka amsa, don ba ka san wanda ke tsaye a bayan mai kiran ba. Ba a fitowa sai an ji bugun tukunyar gas. Wata tsohuwa ce a ƙarshen lungu take yinsa da ludayi, bayan ta leƙa ta tabbatar motoci sun tafi: bugu biyu a jere, ta ɗan tsaya, ta ƙara ɗaya. Sai ka ga mutane suna saukowa daga saman rufi, wasu suna fitowa daga bayan tankin ruwa suna kakkaɓe riga. Tun da nake ban taɓa jin an yi bugun nan a kan ƙarya ba.

Ni ina da iƙama, wato takardar zama, albarkacin mahaifina, kuma tasi nake ja. Kawuna, ƙanin Inna, ba shi da ita. Ya zo aikin hajji yana saurayi, ya ga Ka'aba, ya ce ba inda za shi. Ya tsufa yana dako a kasuwa, lokacin aikin hajji kuma ya tura keken tsofaffin alhazai. Bai tara komai ba, bai kuma damu ba. Burinsa ɗaya ne, kuma kowa a lungu ya haddace shi saboda yawan faɗa: ya mutu a Makka, a yi masa salla a Harami, a rufe shi a ƙasar nan.

Ni da wani abokina, tela ne ɗan unguwar Tandabawi, muna da wata ɗabi'a da mutanen unguwa suka kasa gane kanta. In sanyi ya shigo sai in ajiye tasi, shi ya rufe keken ɗinki, mu saɓa jaka mu shiga duwatsun gabas, bayan an wuce Muzdalifa da Arfa, ta wajen hanyar Ɗa'ifa. Mu yi kwanaki muna tafiya a ƙafa. Matata takan ce ba ta taɓa ganin mai gida da katifa ya tafi kwana da birai ba sai ni. Ba na musu da ita. Wanda ya yini cikin cunkoson motocin Makka ya san daɗin wurin da ba ham.

A wannan tafiya ni ne mai doka, kuma ba ni da sauƙi a kai. Ruwa ya fi abinci. Kowa da dabino da gishiri da sukari a jakarsa. Ba a kwana a cikin kwari ko da sama ta yi fes, don ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa yakan zo ba sallama. A zazzage takalmi kafin a sa, saboda kunama. A rataya abinci, saboda birai ɓarayi ne marasa kunya. Kowa da usur a wuya. Babbar doka kuwa ita ce ba a rabuwa, kuma in ka ɓata ka tsaya inda kake ka yi ta ihu. Kafin mu fita nakan gaya wa matata kwarin da za mu bi da ranar da za mu dawo.

Shekarar da nake magana a kai, Kawu ya ce sai an je da shi. Na ce a'a. Mutum mai ciwon suga, gemu ya yi fari, ina shi ina hawan dutse? Sai ya zauna a bakin gadona ya ce, "Ɗan nan, tun da na zo ƙasar nan ban taɓa fita bayan gari ba, ko'ina shingen bincike. Ka kai ni inda ba mai tambayata takarda, ko da sau ɗaya ne." Wannan magana ta kashe mini jiki. Na amince.

Tun a gida abubuwa suka fara karkacewa. Inna ta ce kada in gaya wa kowa inda za mu, har matata, don ba a faɗin inda marar takarda ya nufa, bakin mutane ba shi da ƙofa. Na yi ta gardama har ta ɓata rai, na bari. Kawu ya bar wayarsa a gida, wai kada a bi sawunsa da ita. Da na miƙa masa usur, sai ya janye hannu kamar na ba shi garwashi.

"Wannan ai na 'yan sanda ne," in ji shi. "Ni in hura wannan? La, wallahi."

Tela ya yi dariya, ni ma na yi. Na jefa usur ɗin a jakar Kawu na ce ya zauna a nan.

Ranar farko ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Kawu ya ba mu kunya a tafiya, ƙafar ɗan dako ba wasa ba ce. Yana gaba muna haki a baya, yana juyowa yana cewa, "Yalla, samarin zamani, ko in goya ku?" Da magariba ya tsaya a kan wani faffaɗan dutse ya yi kiran salla da ƙarfi, abin da ban taɓa jin ya yi ba, don a lungu kullum muryarsa ƙasa-ƙasa take. Duwatsu suka maimaita masa. Ya juyo yana murmushi kamar yaron da aka saya wa keke.

Kashegari da rana ta take, muka sauka wani kwari muka fake a inuwar wata bishiyar ƙaya. Kawu ya cire takalminsa ya sa silifa, ya ɗauki 'yar buta ya zaga bayan duwatsu don ya kama ruwa. Muna nan ni da tela muna yanka gurasa sai muka ji ƙugin mota. Wata farar a-kori-kura ce ta ɓullo daga lanƙwasar kwarin, ta nufo mu. Ni kaina sai da na shafa aljihu na ji katin iƙamata. Ashe wani dattijo ne Balarabe mai kiwon zuma, ya zo duba amyoyinsa. Ya sauko ya yi sallama, ya tambaye mu ko muna da ruwa, ya zauna muka sha shayi.

Har ya shanye kofi na biyu Kawu bai dawo ba.

Na zaga bayan duwatsun ina kira. Ba kowa. Ga damshin ruwa a ƙasa inda ya tsuguna, ga sawun silifa ya nufi gangaren dutse, tsakanin taku da taku da faɗi, irin na mai gudu. Daga nan ƙasa ta ƙare, sai tsakuwa da manyan duwatsu, ba sauran sawu. Na dawo na kalli jakarsa a jingine da bishiya. Ruwansa na ciki, da dabinonsa, da maganin sugarsa, da bargonsa, da usur. Takalminsa na gefe, ya jera su tsaf. A nan na gane abin da ya faru. Farar mota ya ji, ya yi abin da ya saba yi tun ƙuruciya.

Muka yi ta kira, ni da tela, har murya ta dushe. "Kawu! Ba su ba ne! Ka fito!" Duwatsu kawai ke amsa mana. Na san ko yana jinmu ba zai amsa ba. A wurinsa an kama mu ne, an sa mu kira shi.

Mai zuman nan mutumin kirki ne, Allah ya saka masa, amma kirkinsa ne ya ƙarasa lalata al'amarin. Da ya ji an ce tsoho ya ɓata, sai ya shiga mota ya yi ta kai da komo a kwarin yana danna ham, yana ƙwala kira da Larabci. Kunya ta hana ni gaya masa gaskiya, tsoro ma ya hana ni. Da yamma ya tafi ya dawo da 'yan'uwansa, mota uku, da manyan fitilu suna haska jikin dutse. Ina tsaye ina kallon hasken nan yana lasar duwatsu, ina ayyana yadda Kawu ke ganinsa daga inda yake. Babu abin da ya fi wannan kama da kame. Da duhu ya yi sosai suka haƙura, suka ce za su dawo.

Ban runtsa ba. Sanyin dutse ya sauko, ni cikin bargo ina kakkarwa, shi kuwa da riga 'yar shara da silifa. Da asuba na ga birai a jere a kan wani tsauni suna kallon wuri ɗaya, sai na kasa zuwa in duba. Tela ne ya je ya duba. Mushen akuya ne.

Da gari ya waye na ce zan hau tudu in nemi sabis na waya, in kira masu ceto. Tela ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Ya shekh, ka san abin da kake faɗa kuwa? In suka zo, halas, shi ke nan. Daga asibiti sai jirgi."

"Gara jirgi da makara," na ce.

"Kai ka ce. Shi bai ce ba. Shi makarar yake so, in dai a nan ne."

Na ji kamar in kwaɗa masa mari, don gaskiya ya faɗa. Na ce masa mutuwar da Kawu ke roƙo ta kan shimfiɗa ce, da wanka da likkafani da sahun Harami, ba ta cikin kogo ba inda birai za su riga mu ganinsa. Na ce ba wanda ya san inda muke, ba wanda zai zo daga gida, ruwanmu ma ya yi ƙasa. Butar da ke hannunsa ko cikin kofi biyu ba ta kai ba, ga suga. Tela ya ce mu ƙara yini ɗaya, mu biyu, a hankali, ba ham ba fitila. Na kalli rana tana ɗagowa. Na san zafin da za ta yi nan da azahar, na kuma san abin da take yi wa tsohon da bai ci ba bai sha ba.

Na karya dokata ta rashin rabuwa, na bar tela a gindin bishiya na hau. Da na samu sabis na buga lambar. Wanda ya ɗauka ya tambayi inda muke, na kwatanta. Ya tambayi shekarun wanda ya ɓata da kayan jikinsa da ciwonsa. Sannan ya ce in ba shi lambar iƙamarsa. Na ce ba shi da ita. Ya ce, "Ku tsaya inda kuke, kada ku motsa." Da na sauko tela bai kalle ni ba.

Sun iso kafin azahar, kuma ba ni da abin da zan ce a kansu sai alheri. Suka ba mu ruwa, suka duba idona da harshena, suka bazu a jikin dutse da igiyoyi. Babbansu mutum ne mai natsuwa, ya riƙe lasifika yana kira da lallami, yana cewa ya hajji ka fito, ba abin da zai same ka. Suka tashi ɗan jirgin nan mai kyamara, yana ƙugi a saman kwarin. Duk abin da suke yi daidai ne ga wanda ke son a gan shi. Kawu kuwa ya fi shekara arba'in yana koyon yadda ba za a gan shi ba, kuma ya iya.

La'asar ta kawo kai, ba labari. Na fara jin suna magana ƙasa-ƙasa, suna satar kallona. Na zauna a ƙasa na rufe fuska da hannu. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Abin da nake gani kawai shi ne Inna a bakin ƙofa, ni kuma da takalmin ƙaninta a hannu.

Tela, don ya samu abin yi, ya kunna ɗan risho na gas da muke tafe da shi zai dafa wa mutanen shayi. Garin juya sukari cokali ya suɓuce masa ya daki tukunyar gas ɗin. Ta yi ƙara, ƙararrawa siririya, ta tafi cikin kwarin ta dawo.

Na ɗago kai. Shi ma ya ɗago.

Jiya tukunyar nan tana jakata. Jiya, bayan mai zuma ya tafi neman 'yan'uwansa, daga ni sai tela a kwarin, ba mota ba kowa. Da na tuna a lokacin, da na buga, kuma da gaskiya na buga. Amma bugun nan aikin tsohuwar lungu ne, namiji bai taɓa yinsa ba, kuma ban taɓa kawo shi a raina a wajen Hindawiyya ba. Na tanadi usur, na tanadi gishiri, na tanadi igiya. Abu ɗaya da Kawu zai amsa yana hannuna tun farko ban sani ba.

Na tashi na je wurin babbansu, na roƙe shi a kashe motoci, a sauke jirgin, a ajiye lasifika, mutanensa su koma bayan motoci su yi shiru. Ya tambayi dalili, na gaya masa duka.

"Ka san ba za mu tafi ba," ya ce.

"Na sani. Ku dai yi shiru."

Ko da zai yarda su tafi, ba ni da tabbacin Kawu na iya tafiya da ƙafarsa, kuma mu biyu ba za mu iya sauko da shi ba. Na cire tukunyar daga rishon. Tela ya riƙe mini hannu.

"Kada ka yi," ya ce. "Wannan ba a yin ƙarya da shi."

Na fizge hannuna. Kwarin ya yi tsit, har ina jin numfashina. Na ɗaga tukunyar, na ɗauki cokalin, na buga biyu, na tsaya, na ƙara ɗaya. Na matsa gaba na sake. Na bi gindin dutsen ina yi ina saurare, hawaye na zuba, ban ma share ba. Ban san sau nawa na buga ba.

Sai wata 'yar tsakuwa ta gangaro daga sama ta tsaya kusa da ƙafata.

Wani tsagi ne a jikin dutse, ko akuya ba za ka ce ta shiga ba, kuma bai fi jifa ba daga inda muka kwana. Mun wuce ta ƙarƙashinsa ya fi a ƙirga. Hannu ne ya fara fitowa, riƙe da buta. Sannan kansa. Da rarrafe ya fito, yana jan ƙafa ɗaya da ta kumbura ta yi baƙi. Na haura da gudu na tare shi. Leɓensa duk ya tsage, idonsa ya faɗa, amma murmushi yake. Na jiƙa masa baki da ruwan sukari, ya haɗiya da kyar, ya kama wuyan rigata.

"Sun tafi?" ya ce.

Na ƙara kai masa ruwa baki. Yana sha sai ga su sun haura da gadon ɗaukar majiyyaci. Ya kalle su. Bai yi yunƙurin gudu ba, ba shi da ƙarfin yi. Sai ya juyo ya kalli cokalin da ke hannuna, ya saki rigata.

A asibiti an kula da shi sosai. Likita ya ce mini da ya ƙara kwana a tsagin nan da wani zancen ake yi. Bayan ya samu sauƙi kuma al'amari ya bi hanyar da tela ya faɗa. Mun yi ta shige da fice, mun roƙi duk wanda muka sani, bai yiwu ba. Ranar da aka sa shi a jirgin Kano, Inna ta yini a ɗaki ba ta ci abinci ba. A lungu mutane suka rabu biyu a kaina, wasu na sa mini albarka, wasu na amsa gaisuwata da kai kawai. Ni dai in aka mayar da ni kwarin nan yau, zan sake bugawa. Ba bugun ne ke hana ni barci ba, yini ɗayan da na makara ne.

Yana zaune yanzu a ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan'uwa, cikin mutanen da ba su san shi ba sai a labari. Kowace Juma'a yakan kira, ya yi magana da Inna, ya yi da matata, ya yi da yara ɗaya bayan ɗaya, kafin a zo kaina sai ya ce kati ya ƙare. Haka muka daɗe. Sai wata Juma'a Inna ta miƙo mini wayar ta ce, "Kai yake nema."

Na gaishe shi. Ya amsa a tsanake, ya tambayi aiki, ya ce ƙafa ta warke sai ɗan ɗingishi in an yi sanyi.

"Na san ba hannun tsohuwar ba ne," ya ce. "Me zai kawo ta dutse? Na san naka ne. Shi ya sa na fito."

Na ce, "Kawu, ka yafe mini."

"Ruwan da ka ba ni ya yi daɗi," ya ce. Ya ɗan yi tari. "Akwai maƙabarta a bayan gidan nan, ta taga nake ganinta. Na je na duba. Ba laifi, akwai inuwa."